Ranar da Na Gano Ciwon Kaka

Wautata ita ce na kalli bidiyo ɗaya a waya, na tashi ina jin kaina likita. A bidiyon an ce mutanen Japan kan ɓoye baƙin cikin mutuwa a bayan murmushi, har ya zama ciwo likitoci ba su gane ba.

Nan take na tuna Kaka. Mijinta ya rasu tun bara a gidanmu na unguwar Ka'akiyya a Makka, ta gama takaba, ba wanda ya ga hawayenta. Amma kullum bayan La'asar sai ta zuba shayi kofi biyu, ta zauna tana murmushi ita kaɗai. Na ruga wajen Umma na ce Kaka ta kamu da ciwon Japanawa, in ba a kai ta asibiti yau ba, shi ke nan. Umma ta tsorata har ta ɗauko abaya.

Kaka ta dube ni sama da ƙasa.

"Ya walad, kai yaro, su Japanawan a ina suka san ni? Mu haƙuri aka koya mana, ba ihu ba."

"To kofi na biyun fa, na waye?"

"Na maigidana ne mana. Babban ya tafi, ƙaramin da ya rage kuma rago ne, waya ta aure shi. Kullum sai shayin ya huce in shanye abina."

Umma ta ajiye abaya, ta ɗauki takalmi ta yo kaina.

Ba a je asibiti ba. Kaka tana kewar mijinta, ta kuma faɗa da bakinta. Ni aka yanke wa hukuncin shan shayi kullum bayan La'asar, ba waya.