Inna Ba Ta Gifta Gaban Mai Addu'a

A Kwatano babu tudu. Daga ƙofar gidanmu a Zango har bakin teku ƙasa a shimfiɗe take, yashi ne da ruwa, kuma abu mafi tsayi da muke hawa shi ne gada, ita ma a bayan zemijan, wato babur ɗin haya. Shi ya sa da rigimar gwiwar Inna ta tashi muka rasa inda za mu gwada ta.

Inna Makka take son zuwa, kuma a wannan shekarar. Ta daɗe tana zaune a rumfarta ta atamfa a kasuwar Dantokpa, tun kafin a yaye ni, zaman ya cinye mata gwiwoyi. In za ta tashi daga kan sallaya sai ta dafa bango, tana kuma hararar duk wanda ya kalle ta. Yaya, wanda shi ne uban gida tun rasuwar Baba, ya ce ba zai tura ta cikin wannan cunkoso ta je ta faɗi a ƙasar mutane ba. Inna ta ce ƙafar da ta goya shi har ya yi wayo ba ta mutu ba tukuna. Sati biyu ana wannan a gidanmu, abinci ma ya daina daɗi.

Maƙwabciyar rumfarta ce ta kawo shawara, wata Kirista daga unguwar Sainte-Rita da suka tsufa tare suna faɗa a kan masu ciniki. Ta ce can wajen garin Dassa akwai wani dutse da suke zuwa ziyara, a gindinsa tsohon gidan ibada na fada-fadan coci da suka ƙaurace wa duniya, daga nan kuma matakala har ƙololuwa. Ta ce kowa na zuwa kallo, ba a tambayar addinin mutum. Yaya ya kama maganar nan take. Ni ya zaɓa in raka ta, saboda a gidanmu an san bakina ba ya riƙe magana.

"Ki ƙirga min sau nawa ta zauna hutu," ya ce da ni a gaban Inna. "In ya wuce uku, maganar tafiya ta mutu. Kada ki rufe mata."

"Ita ɗin?" in ji Inna. "Ai ko tari na yi sai ta kawo maka rahoto."

Mun isa da hantsi bayan doguwar tafiyar mota. Ban taɓa ganin duwatsu irin waɗannan ba, manya-manya a ɗore bisa juna, har na riƙa jin tsoron wucewa ƙarƙashinsu. Gidan ibadar kuwa ginin dutse ne mai kauri, ciyawa ta fito a jikin katangarsa, ga wata tsohuwar ƙararrawa a rataye. Ko'ina tsit. A bakin ƙofa an kafa allo da Faransanci ana roƙon baƙi su yi shiru. Na karanta wa Inna, ta gyaɗa kai, sannan ta ɗaga murya irin ta kasuwa ta gaida wani fada dattijo da ke zaune bayan teburin zuma. Ta tambaye shi gajiya, ta tambaye shi aiki, ta ce in tambaye shi iyali.

"Inna, ba sa aure," na ce a hankali.

"Duk cikinsu?"

"Duk."

Ta dube shi da tausayi sosai. "Ki ce masa Allah ya kawo ta gari."

Ban fassara ba. Shi dai ya yi murmushi ya nuna mana inda matakalar ta fara, ya kuma miƙo wa Inna sanda daga cikin waɗanda aka jingine don baƙi. Ta ce in mayar masa da abarsa, ita ba ta tsufa ba.

Matakalar a jikin dutsen aka sassaƙa ta, wani taki gajere, wani sai ka ɗaga ƙafa har gwiwa. Ba mu yi nisa ba na ji numfashin Inna ya sauya. Na zuba ido ina jiran ƙirgen farko. Sai muka ci karo da ayarin wasu tsofaffin mata masu ziyara, sun yi anko. A gefen hanya akwai gicciye da aka kafa, suka tsaya suka durƙusa suna fuskantarsa, wata na ja musu addu'a suna amsawa. Hanyar kuwa tsakaninsu da gicciyen ta bi. Na kama hannun Inna mu wuce, ta fizge.

"Ke ba ki da tarbiyya? Mutane na ibada ki gifta ta gabansu?"

"Inna, ba salla suke ba. Ga Turawa can sun wuce."

"Su Turawan ni na haife su?"

Ta samu wani faffaɗan dutse a bayansu ta zauna, ta juya fuskarta wajen kwari, ta ciro carbinta. Na ce wannan ɗaya kenan. Ta ce in na ƙirga wannan Allah ya isa, ita ba hutawa take ba, ladabi take yi.

Ashe gicciyen nan goma sha huɗu ne a jere har kusa da sama, kuma a kowanne sai sun durƙusa. Inna ta gane haka tun a na uku. Daga nan ba ta yarda mun riga matan nan ba ko da taku ɗaya. In sun tashi ta tashi, in sun durƙusa ta nemi dutsenta. A wani wurin hanyar ta bi ta bayansu, fili fetal, na nuna mata. Ta ce ƙarar takalmina za ta raba musu hankali. A wani kuma suka taƙaita addu'ar, na ji tana gunaguni wai mutanen yanzu komai gaggawa. Dariya ta riƙa cina, ita kuwa fuskar nan a ɗaure. Tun ina ƙirgawa a zuci don tsokana har na bari. Wata daga cikin matan ta miƙo mata gyaɗa, suka yi ta gaisawa da hannu, babu mai jin yaren wani.

A gicciye na ƙarshe matan suka yi waƙa, suka juya suka kama hanyar sauka. Mu kuwa da sauranmu, don Yaya ƙololuwa ya ce, kuma ya ce a ɗauko masa hoto. Abin da ya rage bai kai wanda muka wuce ba, amma ya fi miƙewa, ga rana ta take. Babu kowa a gabanmu.

Inna ta fara hawa. Ina bayanta ina kallon yadda take jan ƙafar hagu, tana dafa gwiwa da hannu tana tura kanta. Zufa ta jiƙa mata mayafi. Ta zauna sau ɗaya, ta ce, "Rubuta." Ta sake zama, ta ce, "Biyu." Can ta yi zama na uku, ta kawar da kai. Da muka tashi na ga tana waige-waige, tana duba gefen hanya ko akwai wani mai durƙuso, ko da mutum ɗaya ne. Babu. Ta tsaya a tsaye tana haki, ta ƙi zama. A nan dariyata ta ƙare. Tausayinta ya kama ni, na kuma ji haushin Yaya, na ji haushin kaina da na karɓi wannan aiki.

Na wuce ta, na hau taki uku, na zauna a tsakiyar hanya na tare ta, na ɗaga hannuwana sama.

"Me kike yi?" ta tambaya da ƙyar.

"Addu'a nake, Inna. Kada ki gifta."

Ta dube ni na ɗan lokaci. Sannan ta lallaba ta zauna a takin da ke ƙasa da ni, ta jingina bayanta da ƙafafuna. Da farko bakina kawai ke motsi. Can na ji nauyin bayanta da yadda ƙirjinta ke hawa da sauka, sai addu'ar ta zama ta gaske. Na roƙa mata ƙafa, na roƙa mata ganin Ka'aba da idonta, na roƙi kada a ɗauke min ita da wuri. Hawaye suka zubo min. Da na shafa addu'ar, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Ƙara kaɗan. Ban gama amin ba."

Sau huɗu na yi addu'a kafin mu kai sama. A can iska na kaɗawa, garin ya koma ƙanana-ƙananan rufin kwano a ƙasa. Inna ta gyara ɗaurin kallabinta, ta tsaya ƙyam na ɗauke ta hoto na tura. Ko minti ɗaya ba a yi ba wayata ta yi ƙara.

"Sau nawa ta huta?" in ji Yaya.

Inna ta kafe ni da ido.

"Uku," na ce. "Yaya, ka fara neman fasfo guda biyu. Ba za ta je ita kaɗai ba, ni zan raka ta."