Injin Oblitey da ba ya kuka

Oblitey Commey ya shekara goma sha tara yana zanen tatu a jikin mutane a wani ɗan shago bayan kasuwar kifi ta Chorkor, a Accra. Kafin nan kwale-kwalen masunta yake yi wa rubutu da fenti. Wani ma'aikacin jirgin ruwa ɗan Laberiya ne ya koya masa allura, kuma da kunne ya koya masa. Tsohon injinsa na ƙarfe kuka gare shi kamar zirnaƙo: in zai ja layi sai ya murɗa wuta har kukan ya yi kaifi, in zai sa inuwa sai ya sassauta har ya koma gurnani. Lambar da ke jikin akwatin wutar kuwa, ya ce bai taɓa sanin abin da take ƙirgawa ba.

A watan Maris ƙanensa da ke Italiya ya aiko masa da sabon inji mai batir, siriri kamar alƙalami. Wannan ba ya kuka ko kaɗan.

Wadda ta fara zama a gabansa ita ce Naa Ayorkor, mai ƙyafe kifi, maƙwabciyarsu tun suna yara. Mahaifiyarta ta rasu, a watan Mayu za a yi taron cika shekara, tana so ta je wurin da fuskar tsohuwar a dantsenta. Hoto ɗaya gare ta, shi ta kawo.

Layi ya fita lafiya. Da aka zo inuwa, Oblitey ya kasa kunne bai ji komai ba, sai ya yi ta danna maɓalli har injin ya fara ɗan gunaguni. Lambar gudun da ke jikinsa ta kai goma sha ɗaya. Hannunsa kuwa yana tafiya a hankali yadda ya saba, don haka allura ta riƙa saran wuri guda ba adadi. Tawada ta ƙi zama, ya goge ya sake bi, ya goge ya sake bi. Baƙar fata ba ta nuna ja da wuri, babu abin da ya gargaɗe shi.

Ayorkor ta ce tana jin wurin kamar an zuba mata barkono.

"Ke da kike cusa hannu cikin murhun kifi kullum?" in ji shi. "Zauna daidai, ƙanwata."

"Yaya Oblitey, kifin ma in ya ƙone ana sauke shi."

Ya tsaya ne da ya ga kuncin hagu na zanen yana ƙyalli yana tsatsafo da ruwa. Ya ɗaure mata wurin, ya ce ta dawo in ya warke.

Mako biyu ya yi bai san inda laifin yake ba. Ya zubar da tawadar ya sayo wata. Ya canja allurai. Ya aika wa Ayorkor cewa ta daina cin yaji, ta nisanci hayaƙi, ta aiko masa da tambayar ko shi zai ciyar da 'ya'yanta. Ya sayo fatar alade a kasuwa ya gwada injin a kai, inuwa ta fito ba laifi, don matacciyar fata ba ta kumbura. Wannan ya ƙara rikita shi. Har ya fara tunanin ko tsohuwar ce ba ta son a zana ta.

Daga ƙarshe ya hau mota zuwa unguwar Osu wurin Esinam, wata mai tatu da ya sha cewa a waya ta koyi aiki. Ta kunna injin, ta ga lambar, ta dube shi. Ta ce ita a irin wannan inji ba ta wuce bakwai in inuwa mai laushi take so, in kuwa an ƙara gudu dole hannu ma ya ƙara sauri. Ta saukar da shi bakwai ta miƙa masa.

"Ai a kashe yake," in ji Oblitey.

"Baba, yana aiki. Taɓa ka ji."

Ya ji yana rawa a yatsunsa, amma ya fito daga shagon bai gamsu ba.

Bayan mako shida ɓawon ya faɗi. Kuncin hagu ya bar tabo mai tudu kamar ƙwayar wake, tawada ta kama nan ta bar can. Gefen dama kuwa layi ne kawai. Saura kwana goma sha biyu taro. Esinam ta riga ta gaya masa kada allura ta sake taɓa tabon nan kafin shekara, wataƙila ma har abada. Oblitey ya ba Ayorkor shawara ta ɗinka riga mai hannu.

"Ba zan kai uwata gaban dangi da rabin fuska ba," in ji ta. "Kai ka fara, kai za ka ƙarasa."

Ya sa bakwai. Awa biyu ya yi a kan aikin da bai kai na awa guda ba, don jim kaɗan sai ya ɗaga injin ya kara a kunne. Gefen dama ya fito sumul, har 'yar lotsawar da ke ƙarƙashin idon tsohuwar.

Ranar taro Ayorkor ta sa farar riga marar hannu. Oblitey yana layi na biyu a ƙarƙashin rumfa lokacin da ƙanwar mamaciyar, tsohuwa mai sanda, ta kamo dantsen ta matso da shi kusa da idonta. Ta daɗe tana kallo, ta ce lallai yayarta ce, sannan ta tambayi me ya same ta a kunci.

"Ga shi nan zaune, Inna, tambaye shi," in ji Ayorkor.

Oblitey ya miƙe ya fara bayani: tsohon inji, sabon inji, goma sha ɗaya, bakwai. Tsohuwar ta tambaye shi bakwai ɗin me. Ya ce zai tambayo mata. Ita kuwa ba ta saki hannun Ayorkor ba, sai ta sa babban yatsa ta rufe tabon, ta ci gaba da kallon sauran.