Mai Kaset a Tashar Gazawa

A tashar Gazawa kowa na sauraron taron ƙasa da ake yi a Yamai ta rediyo, ban da wata siririyar budurwa da ta manna rediyo mai kaset a kunne, leɓɓanta na motsi. Kaset na ƙarewa sai ta mayar da shi baya da alƙalami, kada pil, wato batir, ya mutu. Tani mai fura tana kallonta.

"Ɗiyata, me kike ji haka?"

"Karatuna ne, Inna. Maradi za ni, jarrabawar shiga lakol, makarantar jinya. Haruffa rawa suke mini a takarda, sai yayana ya karanta mini a kaset."

Tani ta raya a ranta, wannan ta sha bulala a makaranta ba da laifinta ba. Ta zare pil ɗin nata rediyon da take jin taron da shi, ta miƙa mata.

"Ungo. 'Yan Yamai su yi surutunsu ban da ni."