Ni Na Ce Ta Cinye Duk Abin da Aka Zuba Mata

Malam Edita, yanzu ni tsoho ne, amma a shekarun alif ɗari tara da sittin da 'yan kai matashin magidanci ne ni a Makka, ɗan ga-ruwa, ga ƙarfi ga taurin kai. Daga ƙasar Katsina muka taso ni da mai ɗakina, muka ratsa Cadi da Sudan, muka sauke farali, sannan muka maƙale a unguwar Mansur ba mu da iƙama, wato takardar zama. Ni bakina ya kama Larabci a wajen aiki, ita kuwa ban da sallama ba ta iya komai ba. Abin da muka fi tsoro a duniya shi ne shurɗa, wato 'yan sanda, su kama mu, a tusa ƙeyarmu gida.

Cikin wuraren da nake kai wa ruwa a unguwar Utaibiyya akwai ɗan gidan abinci na wasu Musulmi mutanen Siyam, ƙasar da ake kira Tailan. Tsohon, wanda nake ce wa Ammi, wato Baffa da Larabci, shi ke zama a gaba da masu cin abinci, matarsa Hajiya da 'ya'yansu mata suna girki a ciki. Ran nan Ammi ya ce in kawo iyalina ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, mu ɗanɗani girkin ƙasarsu. Kaina ya kumbura, wai ni ɗan ga-ruwa ake gayyata. Tun a hanya na shiga ja mata kunne. Na ce kada ta kuskura ta kunyata ni, duk abin da aka zuba mata ta cinye, don a wajenmu barin abincin mutum raini ne. Ta ce to Malam, ta ji. Na san sarai cewa a bakin teku a Sudan ta taɓa cin wani abin ruwa jikinta ya yi rudu-rudu har kwana biyu, amma wallahi ko kusa bai faɗo mini a rai ba.

Da muka isa aka shigar da ita wajen mata, ni na zauna a gaba. Aka kawo shinkafa da wata miya mai kwakwa, ga tsami ga yaji, ina ci ina santi ina zuba wa Ammi surutu. Ashe daddawarsu da jatan lande ake yin ta, kuma ba miyar da ba sa sakawa. Ban kai ga rabin kwano ba sai ga Hajiya ta fito ba mayafi tana kiran mijinta. Na faɗa ciki ba sallama. Na tarar da matata ta jingina da bango, leɓunanta sun kumbura, idanunta sun kusa rufewa, numfashinta yana fita da ƙyar. Ta kama hannuna ta ce tun lomar farko maƙogwaronta ke ƙaiƙayi, amma Hajiya baiwar Allah tana ta ƙara mata tana murmushi, ita kuma ba ta da bakin gaya mata, ga shi na ce kada ta bar komai.

Ammi ya ce maza a kai ta mustashfa, zai tsayar da taksi yanzu. A nan na tafka kuskuren da ya fi na farko. Da na ji an ambaci asibiti sai na ja da baya, don kowa a Mansur yana cewa takarda ake fara tambaya a can. Na dubi tsohon nan na yi masa ƙarya, na ce iska ce, ta saba yi mata haka. Ya riƙe rigata yana haɗa ni da Allah, na fizge. Na saɓe ta a kafaɗa na ratsa lungu da ita zuwa ɗakin wani malami ɗan ƙasarmu don ya yi mata tofi. Malamin yana ganinta ya daka mini tsawa, ya ce wannan ba aikinsa ba ne, in kai ta asibiti. Amma na tsaya ina roƙonsa, ina ɗura mata ruwa yana dawowa, ina kiran sunanta, abin da ban taɓa yi a gaban mutane ba. Ban san tsawon lokacin da na ɓata a ɗakin nan ba. Na dai ga leɓunanta sun canza launi, hannunta kuma ya saki rigata.

Ammi da Hajiya ne suka bi sawuna gida gida har suka same mu, taksi na jira a bakin titi. Hajiya ta ɗora kan matata a cinyarta tana kuka tana karanta mata kalmar shahada, ni ina ce wa direba ya ƙara gudu. Muna isa aka karɓe ta da sauri. Ba a jima ba likita ya fito ya ce rai ya yi halinsa, ya ce akwai allurar da ake yi wa irin wannan, da mun zo da wuri da an gwada. Na tsaya a wurin har aka miƙo mini mayafinta. Daga shigarmu har fitarmu babu wanda ya tambaye ni takarda.

Iyalin Ammi su suka yi mata sutura tare da matan unguwarmu, suka rufe gidan abincinsu kwana uku suna karɓar gaisuwa kamar 'yarsu ce. Na san kwana ne ya ƙare, amma na kuma san abin da hannuna ya yi. Don haka nake roƙon 'yan'uwa, musamman masu zaman ƙasar wasu: in kun kai iyali cin abincin da ba ku sani ba, ku tambayi abin da ke ciki, ba abin kunya ba ne. Kada ku ɗaure bakin wanda ke jin nauyinku. In ciwo ya kama numfashi, a nufi asibiti, ko me zai biyo baya. Ni na zauna a Makka shekara da shekaru ba wanda ya kore ni, kuma ban ji daɗin zaman ba ko na yini ɗaya.