Labarin da Ja'afar Bai Aika Gida Ba

An sa jana'izar Dakta Ja'afar Sanda Ɗambatta gobe Juma'a, bayan an idar da sallah, a masallacin da ya saba zuwa a unguwar Longsight ta Manchester. Ya rasu ranar Litinin, 13 ga Janairu, 2025, a wani asibiti a Manchester, yana da shekara arba'in da shida. Ya bar matarsa Murja, da 'ya'ya biyu, Zayd da Inaya, da mahaifiyarsa Hajiya Raki, da ƙanne a gida. Na Allah muke, kuma wurinsa za a mayar da mu duka.

Asibiti ya ba da gawar tun ranar Talata, saboda haka jama'a sun yi ta tambayar dalilin jinkirin. Dalilin shi ne Murja ta ce ba za a binne shi ba sai mahaifiyarsa ta ji, kuma ta ji gaskiyar gaba ɗaya. Sanarwar da ta fara yawo a waya ta ce ya rasu "bayan gajeriyar rashin lafiya". Na sha rubuta wannan jimlar lokacin da nake aikin jarida a Kaduna, ba tare da na tambayi kowa tsawon jinyar ba. A nan ba zan rubuta ta ba. Ja'afar ya yi fiye da shekara biyu yana fama da ciwon ƙoda, ana yi masa wankin ƙoda sau uku a mako, kuma babu wanda ya sani a Ɗambatta. Na riƙe wannan rubutu har sai da labarin ya isa ga Hajiya, kuma da izinin Murja nake fitar da shi.

Ja'afar, a tashar manyan motocin coach ta Birmingham na fara ganinka, shekara goma da suka wuce. Na sauko da akwati biyu da wata rigar sanyi da na saya a Kasuwar Barci, ka dube ta ka ce wannan ta Kaduna ce, a nan sai dai a yi sallah a kanta. Ba ka san ni ba. Wani ne ya ba ka lambata, kamar yadda ake ba ka lambar duk wanda ya taho karatu daga Arewa. A makon nan ka kai ni na yi rajista da GP, wato likitan unguwa, ka nuna mini mahaucin da ake yarda da yankansa a Balsall Heath, ka koya mini yadda ake kunna na'urar ɗumama ɗaki. Da yamma ka dafa shayi a ɗan flat ɗinku, ka ba ni labarin Jamestown. Daga baya na gane babu baƙon da ya tsira daga wannan labarin. Ɗalibai har suna suka sa maka, Mai Unguwar Jamestown, kana amsawa.

Ga waɗanda ba su sha shayin ba, ga abin da ya ƙare rayuwarsa yana bincike a kai. A shekarar 1607 wani kamfani na masu hannun jari a Landan ya aika maza da samari ɗari da 'yan kai zuwa gaɓar Amurka, wurin da ake kira Virginia. An tura su neman zinariya, da neman hanyar ruwa da za ta ɓulle zuwa ƙasashen Gabas, da yaɗa addinin Kirista, da kuma samar wa Ingila wurin tsayawa kafin Sifaniya ta cinye ko'ina. Suka zaɓi wani wuri mai fadama a bakin kogi, don jiragensu za su iya matsowa gaɓa kuma yana da sauƙin tsarewa. Ruwan wurin yana da gishiri da ƙazanta. Da yawansu ba su taɓa riƙe fartanya ba. Suka loda wa jirgi ƙasa mai ƙyalli aka kai Landan, aka gwada, ba zinariya ba ce. Kafin su cika shekara, waɗanda suka rage da rai ba su kai arba'in ba. A hunturun 1609 zuwa 1610 yunwa ta kai su ga cin dawakai da karnuka da fatar takalma, mutum sittin ko kusa da haka suka fita da rai daga cikin ɗaruruwa. Har sun kwashe kayansu sun bar garin, sai suka yi karo da jiragen agaji a bakin kogi aka juyo da su. Taba ce ta zo ta tsayar da garin da ƙafafunsa daga baya.

Mutane sukan tambaye ka me ya kai ɗan Ɗambatta tarihin Amurka. Kakan ce waɗanda suka shigo Kano da bindiga sun daɗe suna koyon sana'ar a wasu wurare, kai kuma kana so ka gan su tun suna jin yunwa, kafin su iya. Ba ka taɓa ba da labarin ka manta da masu ƙasar ba, mutanen Powhatan, waɗanda masararsu ce ta raya baƙin a farko, kuma gonakinsu ne aka shuka tabar a kai.

Amma abin da ya fi tsaya maka a rai shi ne umarnin da kamfanin ya ba su kafin su tashi. An ce kada su bari masu ƙasa su san an kashe musu mutum, kada su bari a ga marasa lafiyarsu, kuma kada a bar kowa ya rubuta wasiƙa gida da abin da zai karya wa wasu gwiwa. Masu tonon tarihi sun sami kaburburan mutanen farko a cikin katangar garin. Ra'ayinka, wanda ka kare a digirinka na uku kuma ka ci gaba da faɗaɗawa bayan ka koma Manchester da aiki, shi ne wannan shirun ya yi kisa kamar yadda ruwan ya yi. Tun da labari mai daɗi ne kawai yake isa Landan, waɗanda suka biyo baya sun taho ba shiri, aka ƙara bakuna a kan abincin da bai isa ba.

Daga nan kakan ajiye kofi ka ce mu ma haka muke yi. Muna aika hoton dusar ƙanƙara da na bakin ƙofar jami'a, ba ma aika na ɗakin da bango yake tsatsafo da ruwa. Shi ya sa duk wanda ya kira ka daga gida yana shirin tahowa, sai ka gaya masa komai, har wasu suka riƙa cewa kana yi musu baƙin ciki.

Nentawe, wani ɗalibi ɗan Pankshin da ya zauna a unguwar Ardwick ta Manchester, ya roƙe ni in saka wannan. A hunturunsa na farko ya daina zuwa aji, ya daina zuwa coci, ya rufe kansa a ɗaki, amma kullum yana tura wa iyayensa hotuna yana murmushi. Abokin zamansa ne ya kira ka. Ka hau bas ta Stockport Road da tuwo da miyar kuka a kwano, ka zauna a bakin gadonsa har ya ci. Ka kai shi wurin GP washegari. Sannan ka ce ba za ka tafi ba sai ya kira babansa a gabanka ya gaya masa halin da yake ciki. Ya ce ya ji haushinka a ranar. Yanzu yana aiki a Birmingham, kuma yana cikin waɗanda suka fara isowa gidan a ranar Litinin.

Wannan mutumin ne ya ɓoye nasa ciwon.

Mu da muke kusa mun sani, don babu yadda za a ɓoye wankin ƙoda ga maƙwabta. Ya roƙe mu kada maganar ta tsallaka ruwa. Yana kiran Hajiya ta bidiyo duk mako, amma yakan zaɓi ranar da kumburin fuskarsa ya sauka, ya sa riga mai dogon hannu don kada ta ga inda ake sa masa allura. Duk Sallah yana da dalilin da ya hana shi zuwa gida, yawanci aiki. Likitoci sun tambaye shi ko yana da ɗan'uwan da za a gwada don ba shi ƙoda. Ya ce zai yi tunani, bai sake tayar da maganar ba, don ya san ƙaninsa Safwan ba zai tsaya shawara da kowa ba, ga shi da ƙananan yara.

Na taɓa tuna masa laccarsa, muna dawowa daga asibiti a mota. Ya yi dariya har tari ya kama shi.

"Ɗan jarida, ka rubuta bambancin," in ji shi. "Su don riba suka ɓoye. Ni Hajiya tana da hawan jini. Me za ta yi mini daga Ɗambatta in ban da kuka?"

Na ce addu'a. Ya ce ai tana yi, ko an gaya mata ko ba a gaya mata ba. Daga nan ya koma maganar wani babi na bincikensa da yake son gamawa kafin bazara. Murja ta fi ni matsa masa, ta gaya mini sun sha yin kwanaki ba sa magana da juna saboda wannan. Amma ta riƙe masa alkawari har ranar da ya cika.

Ba na jin aikina ne in yanke hukunci a kan wanda ya riga mu. Na san ya yi ne don ƙauna, na kuma ga nauyin da abin ya ɗora wa matarsa, wadda ita ke amsa gaisuwar surukarta duk mako da "lafiya lau". Inaya, mai shekara bakwai, ta taɓa tambayar mahaifiyarta da Turancinta na 'yan Manchester me ya sa ake hana ta gaya wa kaka cewa Baba yana zuwa asibiti, alhali a makaranta an ce ƙarya ba kyau.

Da labarin rasuwar ya isa ga Safwan da sauran ƙannen, sun yi abin da aka saba yi wa tsofaffi. Suka karɓe wayar Hajiya da sunan gyara. Shawararsu ita ce a yi jana'iza a nan, sannan a bi ta a hankali: yau a ce ba ya jin daɗi, gobe a ce jikin ya tsananta, jibi a faɗa mata. Ba mugunta ba ce, tsoron abin da zai same ta ne. Safwan kansa a ranar ya fara jin maganar ƙodar. Murja ta ƙi shawarar. Limamin masallacin ya tunatar da ita falalar gaggauta binnewa, ta ce ta sani, ta roƙi zuwa Juma'a kawai. Ya amince.

Ranar Laraba bayan la'asar baffansu ya shiga wurin Hajiya ya gaya mata. Ya tsaya a kan gajeriyar rashin lafiya. Yau da safe, bayan an mayar wa Hajiya wayarta, Murja ta kira ta da kanta, matan da suke zaman makoki suna ɗakin, ta faɗa mata tun daga ranar da aka gano ciwon. Hajiya ba ta katse ta ba. Da ta gama, ta tambayi wa yake kai shi asibiti, wa yake kula da yaran a ranakun. Aka gaya mata. Ta sa wa Murja albarka. Sannan ta ce:

"Shekara biyu ina roƙa masa ƙarin girma a wurin aiki. Da ya faɗa mini, ai da lafiya na roƙa masa."

Daga nan ta ce ta yafe masa, duniya da lahira, a binne shi inda 'ya'yansa suke.

Ja'afar ɗan fari ne. Hajiya ba ta taɓa kiran sunansa ba, Baban Zaidu take cewa, kuma ƙannensa sun ce ko a kiran bidiyo takan kawar da kai ta bar shi yana magana. Kafin ta ajiye wayar ta roƙi abu ɗaya: a nuna mata fuskarsa ta waya kafin a rufe likkafani.

Allah Ya jiƙan ka, Ja'afar. Ya sa jinyar da ka sha a ɓoye ta zama kankarar zunubi, Ya karɓi ɗawainiyar da ka yi da baƙin da ba ka haɗa komai da su ba, Ya yalwata maka kabari a wannan ƙasa mai sanyi, Ya sada ka da rahamarsa. Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Raki, Allah Ya ba ta haƙuri da lafiya. Ga Murja, Allah Ya saka mata da alheri a kan abin da ta ɗauka da kuma abin da ta sauke. Ga Zayd da Inaya, Allah Ya raya su Ya tsaya musu. Ga Safwan da 'yan'uwansa, da ɗaliban da ya tarba a Birmingham da Manchester, Musulminsu da Kiristansu, Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa.

Limamin ya ce bai ga abin da zai hana a cika wa Hajiya buƙatarta ba. Kwamitin da ke kula da ɗakin wankan gawa yana da dokar hana shiga da waya, kuma zuwa lokacin da na kammala wannan rubutu bai tabbatar da ko zai ɗage ta gobe da safe ba.