Huhun Aro da Cikin Fari

Ranar da Rilwanu ya ce mini za a cire wa matarsa Zaituna huhu a sa mata na wani, dariya na yi. Na ɗauka bai fahimci Turancin likita ba ne. Dashen ƙoda na sani, an yi wa wani ɗan unguwarmu a Kano. Amma huhu, abin da mutum ke shaƙar iska da shi? Sai ga shi an yi, a wani babban asibiti a Abu Dhabi, kuma da idona na ga ɗinkin a ƙasan ƙirjinta, daga wannan gefe har wancan.

Gida ɗaya muke a unguwar Muraƙƙabat a Dubai, irin gidajen nan da ake rabawa, su ɗaki ɗaya, ni ɗaki ɗaya, kicin na kowa. Ni Mero, abinci nake dafa wa 'yan kasuwar Kano da ke sauka a otal-otal ɗin Deira, waɗanda da sun kwana biyu suna cin biryani sai su fara kukan tuwo. Ita kuwa Zaituna 'yar Haɗeja ce, aure ya kawo ta Dubai. Tana aiki a wani ofishin kargo kusa da tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga, ita ce mai amsa wayar hajiyoyin da kayansu suka makara. Hajiya za ta kira da ruwan faɗa, kafin a ajiye waya Zaituna ta sa ta dariya har da sa albarka. Bakinta ba ya shiru. Ni ma ba ta bar ni ba, miyata kullum gishiri ya yi yawa, amma kwanon sai ta suɗe.

Da tari ciwon ya fara, ya koma haki, har ta kai ba ta iya gama gaisuwa sai ta huta. Likitoci suka ce huhun ne yake taurarewa, kuma ba su san dalili ba. Ta daɗe tana jan tukunyar iska a bayanta, tiyo a hanci, tana kiranta 'yar rakiyata. Don haka da aka yi aikin ta warke, ba ƙaramin murna muka yi ba. Na tuna ranar da ta ja ni da ƙafa har bakin ruwa, muka shiga kwalekwalen da suke kira abra muka haye muka dawo ba tare da muna da abin yi a wancan tsallaken ba. Iska kawai take son shaƙa. Ni da huhuna na haihuwa nake haki, ita tana gaba tana cewa, "Yalla, Anti, ɗago ƙafa mana!"

Sai dai huhun ya zo da dokokinsa. Magani safe da yamma har ƙarshen rai, don jikin mutum ba ya yarda da baƙon abu, da an yi sake sai ya far masa da yaƙi. Akwai wata 'yar na'ura da take hurawa kowace safiya don a san ƙarfin numfashinta, ga zuwa asibiti a ɗebi jini. Turaren wuta kuwa an hana shi a gidan kwata-kwata. Na yi mita ba kaɗan ba, don ni ɗaki ba turare ban ɗauke shi ɗaki ba, amma na haƙura na ba da kaskona kyauta. Zaituna ba ta wasa da waɗannan dokoki. Ko tana tsakiyar faɗa da direban kargo, lokacin magani ya yi za ta ce ya dakata.

Abu ɗaya ne ba ta taɓa yin barkwanci a kansa ba. Shekara tara da aure, ba ta taɓa ko ɓatan wata ba. In an zo gidan da jariri za ta karɓa ta yi ta juya shi, in an tafi ta shige ɗaki ta yi shiru.

Shekara uku da yin aikin, na tafi Kano bikin 'yata, matsalar biza ta riƙe ni kusan wata uku. A lokacin kamfaninsu Rilwanu ya tura shi aikin wutar lantarki can wajen Fujaira, sai ƙarshen mako yake leƙo gida. Da na dawo Zaituna ta tarbe ni da ihu kamar yadda ta saba, amma ihun bai kai ƙarshe ba, tari ya katse shi. Ta ce sanyin ofis ne. Washegari na ga ta zazzage tsarabata ta ware tsamiya da goruba ta kai ɗakinta. Daddawar da na buɗe kuwa, tana jin warinta ta yi bayi da gudu. Na haifi biyar, ba sai an yi mini bayani ba. Daɗi ya kama ni, har na fara rawa ni kaɗai a kicin.

Rawar ba ta yi nisa ba. Zaituna ta fito daga bayi ta dafa bango, kafaɗunta suna ɗagawa suna sauka, irin hakin nan da na yi zaton mun rabu da shi har abada.

A wajenmu babba ba ta tsare yarinya ta tambaye ta ciki, balle na fari. Ana gani a kau da kai, ita ma ta yi kamar ba ta san an gani ba. Amma na ajiye wannan a gefe, na ce, "Zaituna, wata nawa?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Zaitunar da ke tsayawa gaban ƙartin masu lodi ta yi musu tas, ita ce ta kasa haɗa ido da ni. Da ƙyar ta ɗaga yatsu huɗu.

"Masha Allah. Me likitarki ta ce?"

Ta ƙara jan mayafin.

"Magana nake miki. Me ta ce?"

"Ban je ba, Anti. In sun ɗebi jini za su gane."

"To su gane mana! Rilwanu fa?"

"Haba Anti, da wane bakin zan faɗa masa?" Ta numfasa, ta ci gaba a hankali. "A gidanmu ba a faɗa. Inna sau uku tana faɗa da wuri, sau uku yana zubewa. Ni da ta yi shiru a kaina, ni na tsaya. Tun ana kai ni ɗaki ta ja mini kunne, ta ce ko Allah ya ba ni, kada wani mahaluki ya ji sai ya fito kowa ya gani da idonsa."

Na ce to, wannan na ji, duk mun taso da shi. "Maganinki dai kina sha ko?"

Sai da na daka mata tsawa ta ce tun bayan aikin likita ta gaya mata akwai ƙwaya ɗaya a cikin magungunan da ke nakasa jariri a ciki. Ranar da ta gane ta yi ɓatan wata, ranar ta daina shan ta. Sauran ma ta rage su rabi, don ta ga duk abin da ya shiga jikinta zai shiga na ɗan. Na'urar hurawar kuma ta jefa ta ƙasan akwati, saboda lambar kullum ƙasa take yi, kuma ba ta son gani.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan buhun semo. Na dube ta, na dubi ƙirjinta. Wani bawan Allah ya mutu, danginsa suna cikin kuka suka yarda a ciro huhunsa a ba ta, ita kuma ta yi wata da watanni ta sakar masa jikinta yana cinsa, tana dariya a waya da hajiyoyi. Tsoro da haushi suka haɗe mini wuri ɗaya, ban san lokacin da na fara yi mata ihu ba. Ta ce in yi wa Allah in bari ya ƙara ko wata ɗaya. Na ce, "Halas, magana ta ƙare. Ɗauko abayarki. Ko ki tashi da ƙafarki, ko in kira motar asibiti duk Muraƙƙabat su fito kallo."

Likitar wata 'yar Sudan ce, mace mai sanyin magana. Da ta gama jin bayani ta cire tabarau ta ajiye. Sannan ta ce, "Zaituna, na ce miki ƙwayar tana cutar da jariri. Me na ce bayan haka?"

Zaituna ta sunkuyar da kai.

"Na ce in kina son haihuwa ki zo mu shirya tun kafin a samu cikin. Akwai wata ƙwayar da muke sawa a madadinta, wadda mata irinki suka sha suka haihu. Ba na cewa babu haɗari, akwai shi sosai, shi ya sa muke so mu riƙa auna jininki a kai a kai. Mai ciki sau da yawa ƙara mata magani ake yi, ba ragewa ba. Me ya hana ki zuwa?"

"Kunya," in ji Zaituna, da wata ƙaramar murya.

Likitar ta juyo ta kalle ni kamar ni zan fassara mata. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne da na ji ashe hanya tana nan tun farko, a buɗe, kalma ɗaya kawai ake jira daga bakin yarinyar nan.

A ranar aka kwantar da ita. Gwaji ya nuna jikinta ya riga ya fara yaƙar huhun. Rilwanu ya taho daga Fujaira da kayan aiki a jikinsa, a bakin ƙofar ɗakin aka haɗa masa labari biyu a lokaci guda, cewa zai zama uba, kuma matarsa tana cikin haɗari. Na ga fuskar namiji ta fara murmushi ta tsaya a rabi. Ya jingina da bango yana maimaita, "A gado ɗaya fa muke kwana, Anti. A gado ɗaya."

Hoton ciki ya nuna yarinya ce, kuma ba a ga wata nakasa ba. Likitoci suka gaya wa Zaituna gaskiya, cewa ci gaba da cikin zai ƙara wa huhun nauyi, suka shimfiɗa mata zaɓin da ke gabanta. Ta ce a yi mata duk abin da za a yi, amma a bar mata 'yarta. Aka yi ta ɗura mata magunguna masu ƙarfi, yaƙin ya lafa, sai dai abin da ya lalace bai dawo ba. A wata na bakwai jininta ya hau, aka shiga da ita tiyata cikin gaggawa aka ciro yarinyar, 'yar mitsitsiya kamar 'yar kyanwa, aka sa ta a kwalba. Rilwanu ya raɗa mata suna Muhsinat.

Zaituna ta rayu, alhamdulillahi. Amma tiyo ya koma hancinta, kuma likitar ba ta ɓoye mana ba, ta ce wataƙila sai an sake neman wani huhun, in an samu, in jikin zai ɗauka. Ofishin kargo sun ɗauki wata a madadinta.

Mahaifiyarta, Inna Sabuwa, ta iso daga Haɗeja bayan suna. Tun a filin jirgi na shirya maganganun da zan gaggaya mata, amma da na ga 'yar tsohuwa siririya ta fito tana waige-waige da ƙullin kayan jego a hannu, kanwa da yaji da sauransu, sai bakina ya mutu. Ba ta san komai ba. An dai ce mata an haihu. Da ta shiga ɗakin ta ga 'yarta a keken marasa lafiya da tiyo a hanci, ƙullin ya suɓuce daga hannunta. Rilwanu ne ya yi mata bayani a hankali, tun daga ƙwayar da aka daina sha har dalilin ɓoyewar. Ba ta yi kuka ba. Ta dai yi ta kallon tafin hannunta tana motsa baki ba sauti.

Da yamma muka tura Zaituna ɗakin jarirai, Inna Sabuwa tana biye. Ma'aikaciyar ta buɗe 'yar tagar da ke jikin kwalbar ta ce uwa za ta iya sa hannu. Na ɗauka Zaituna za ta noƙe, don a al'adarmu mace ba ta nuna son ɗan fari a gaban manya, sunansa ma ba ta kamawa har ta tsufa, balle a gaban uwar da ta haife ta. Sai na ga ta miƙa hannu ta ɗora yatsa a tafin yarinyar. Ta ja numfashi iya ƙarfinta ta ce, "Muhsi..." iskar ta ƙare mata. Ta huta, ta sake ja, ta ƙarasa, "...nat."

Na saci kallon Inna Sabuwa, na ga ta saki baki. Ta matso kusa da keken, na ce yau za a yi ta. Sai ta sunkuya ta ɗago tiyon iskar da ya naɗe a jikin tayar keken, ta warware shi ta riƙe da hannu biyu.

Ta ce, "Sake kiranta, Zaituna. Ba ta ji ba."