Ta Ce Ita Tana Gaba

Jama'a assalamu alaikum. Abin da zan ba ku ba ji na yi a bakin wani ba, ni ya faru da ni, a nan Duwala, shekara shida ke nan ko bakwai, kuma wallahi da rana tsaka ya faru, idona biyu. Ni haifaffen unguwar New Bell ne, kakana fataucin goro ya kawo shi daga ƙasar Kano ya zauna, ni kuma turare da carbi da hula na yi ta sayarwa a kasuwa tun ina saurayi har gwiwa ta ce ta gaji. Ba zan faɗi sunana ba, don mutanen unguwa sun san ni, ba na son a riƙa nuna ni a ƙofar masallaci ana cewa ga tsohon nan da ya taɓu.

Shekara arba'in da uku muka yi da matata. Daga Garwa aka kawo mini ita, shi ya sa nake ce mata 'Yar Garwa har ta tsufa, ita kuma Malam take ce mini, ko da yake karatun nawa bai taka kara ya karya ba. 'Ya'ya biyar Allah ya raya mana, huɗu maza, neman abinci ya watsa su garuruwa, sai mace ɗaya, Auta, da take aure a Ndogpassi, can gabashin gari.

To duk wanda ya san Duwala ya san ba ka zuwa ko'ina sai da bensikin, wato babur ɗin haya, acaɓa in ji 'yan'uwanmu na Najeriya. Ni da 'Yar Garwa guda ɗaya muke hawa, suna ne, biki ne, gaisuwar mutuwa ce, asibiti ne. Ni ne a tsakiya, don ba zan bar matata ta jingina da bayan wani ƙato ba, ita kuma a can ƙarshe. Sai dai baiwar Allah nan ba ta yarda ta riƙe ni. In na ce ki kama ƙuguna kada ki faɗi, sai ta ce, "Malam, a titi? Mutane na kallo?" Kunyar Fulani ba ta bar ta ba. Aljihun rigata na dama take kamawa da yatsu biyu, in an faɗa rami ta ja, in an sha kwana ta ja, har ya zama ba ni da riga ko ɗaya da aljihunta na dama bai yage ba. Na yi faɗa har na gaji. Ita dai abin da take cewa, "Ai ni nake ɗinkewa, ina ruwanka." Kuma duk shekarun nan a Duwala kalma ɗaya ta Faransanci ta zauna a bakinta, ita ma a karkace: dusuma, wai a hankali. Da an ja babur za ka ji ta, dusuma, dusuma.

Ciwon kwana tara ta yi. Ranar wata Talata bayan azahar ta cika, kafin magariba mun rufe ta.

An ce namiji ba ya takaba. Wanda ya faɗa bai gan ni ba. Kwanakin farko gida cike, bayan sadakar arba'in kowa ya kama gabansa, aka bar ni da ɗaki biyu da tabarmar sallarta. Kun san New Bell, ko tari ka yi maƙwabci ya ji, rediyon wannan, kukan jaririn wancan, ga mai daka, ga mai gardamar ƙwallo, amma wallahi ni a cikin hayaniyar nan ban taɓa jin shiru irin na lokacin ba. Ban san inda gishiri yake a gidana ba. Sau nawa na zuba shayi kofi biyu. Abinci ya koma biredi da shayi, maganin hawan jinin da ita ce take miƙo mini kullum bayan asuba kuwa, wata rana in tuna, kwana uku in manta. Abokai suka ce in ƙara aure, na ce su bar ni in huta.

Auta ta yi ta zarya da kwanon abinci, tana cewa, "Baba, ka dawo wurinmu, ɗaki yana nan mun gyara maka, maigidana ma shi ya ce in faɗa maka." Na ce ni ba zan je in zauna gidan suruki in zama kaya ba, a nan aka yanke cibiyata a nan za a ɗauke ni. Ina da taurin kai, wannan ban musa ba.

Wata biyar da rasuwar, wata Juma'a da hantsi, na tare bensikin zan je duba wani aminina a Ndogbong. Na hau, na matsa gaba yadda na saba, don jiki ba ya manta abin da ya yi shekara da shekaru yana yi. Mai babur ɗin bai ja ba. Na ce mu je mana. Ya ce da ni da Faransanci wai yana jira la mère ta gyara zama, wato uwar, tsohuwar da ke bayana. Na waiwaya, ba kowa. Na ce a raina wannan ya sha ƙwayarsa tun da safe, Allah ya kai mu lafiya. Muna cikin tafiya, ya faɗa wani rami, sai na ji ya rage gudu yana cewa, "Oui Maman, doucement, na ji." Kai jama'a! Ni ban ji muryar kowa ba, amma wa ya gaya masa wannan kalma tata, dusuma? Da na sauka ko kallon baya bai yi ba, ya ja abinsa ya shige cikin cunkoson mararrabar.

Ban gaya wa kowa ba. Kwana uku ina juyi da abin, ran na huɗu na sake tare wani, ba don ina da wurin zuwa ba. Shi bai ce komai ba. Na biyu ma haka. Na uku, wani mai jar hula, muna tsaye a cunkoso sai ya ce da turancin buroka a gaya wa Mami ta tattare zaninta kada ya shiga taya. Wallahi tallahi haka ya ce.

Nan fa abin kunyar yake, amma tunda na ce zan faɗi gaskiya bari in faɗa. Ban ji tsoro ba, daɗi na ji. Na koma tsohon da kullum da la'asar sai ya sa rigar fita ya shafa turare ya hau bensikin, a kai shi wani wuri, ya sauka ya tsaya kamar mai jiran wani, ya hau wani ya dawo. Cikin goma ƙila ɗaya ya ce wani abu, sauran shiru. Amma wannan ɗayan shi nake rayuwa a kai. Sai in yi ta magana ƙasa ƙasa iska na kwashewa, ina ba ta labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu, da yadda rufin ɗaki ya fara yoyo ta wajen gadonta.

Ana haka wata rana da safe jiri ya kwashe ni na faɗi a tsakar ɗaki, ban san inda kaina yake ba sai wajen azahar, da matar maƙwabcina ta ga ƙofa a rufe ta leƙo. Likita ya ce da an ƙara awa biyu da wani zancen ake yi. Auta ta zo ta durƙusa a gabana tana kuka, ta ce, "Baba, so kake wari ya sanar da mu? Na rasa Inna, kai ma so kake in rasa ka a haka?" Maganar ta shige ni, amma na ce a'a. Ita ta ɗauka girman kai ne. Ba ta san abin da ke raina ba: in na tashi daga New Bell, a ina 'Yar Garwa za ta same ni? A bakin lungunmu take hawa, nan ta sani.

Bayan sati biyu, damina ta yi tsakiya, irin ruwan Duwala da ba ya tsayawa ba ya ƙarfi, na fito da hantsi na tare wani bensikin mai laima. Mai shi ba yaro ba ne, magidanci ne da furfura a gemu, da ya yi sallama na ji harshensa na gane mutumin arewa ne, ya ce daga Marwa yake. Na ce kasuwa zai kai ni, in ga tsofaffin abokan sana'a. Na hau, na matsa gaba, ya ɗan jira, sannan ya ja.

Kasuwa ba ta da nisa da gidana, da ƙafa nake zuwa lokacin ƙarfi. Amma sai na ga mun wuce kwanar, mun hau babban titi, New Bell tana komawa baya. Na taɓa kafaɗarsa na ce, "Malam, ka ɓata hanya, kasuwa na ce."

Ya yi dariya ya ce, "Baba, ku daidaita bakinku mana. Kai ka ce kasuwa, Hajiya ta ce Ndogpassi."

Na ce, "Wace Hajiya?"

Ya ce, "Taka mana. Kuma ta ce kada in saurare ka, wai taurin kai gare ka." Ya ƙara da cewa, "Ba ka ji ba ne don da Fillanci ta yi, Fillancin Garwa tsantsa, na daɗe ban ji irinsa ba."

Innalillahi. Ina so in ce ya tsaya in sauka, harshe ya ƙi. Ina so in waiwaya, wuya ta ƙi, kuma gaskiya ban so in waiwaya in ga ba kowa ba. Muka yi ta tafiya cikin yayyafi, ruwa na bugun laima, muna ratsa manyan motoci, kuma na rantse da wanda raina ke hannunsa, duk ramin da muka faɗa sai na ji an ja aljihuna na dama. Da yatsu biyu. Na san jan, shekara nawa ina faɗa a kansa. Hawaye ya yi ta zuba, ruwan sama ya rufa mini asiri.

Ndogpassi unguwa ce da ko ni sai na yi tambaya nake gane gidan Auta, lunguna ne jar ƙasa duk kama ɗaya. Mutumin nan bai tambaye ni ko sau ɗaya ba. Ya yi dama, ya yi hagu, yana cewa to, to, kamar mai amsa wa wani, har ya tsaya cak a gaban ƙofar gidan 'yata.

Na sauka da ƙyar. Ya ce, "Baba, ka shiga daga ruwa, Hajiya ta ce ita tana gaba." Sannan ya juya yana cewa, "To Hajiya, ina muka..." Maganar ba ta ƙarasa ba. Ya dubi kujerar, ya dube ni, ya dubi lungun gaba da baya, ba mace ba namiji sai kaji a gindin katanga. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Baba, ina take?" Na ce masa wata goma ke nan da muka rufe ta. Bawan Allah nan ya yi salati da ƙarfi, ya kasa tada babur ɗin sai da ya tura shi da ƙafa har kwana, ban sake ganinsa ba har yau.

Salatinsa ne ya fito da Auta. Ta gan ni tsaye cikin ruwa ba jaka ba komai, ba ta tambaye ni dalili ba, ta kama hannuna ta shigar da ni. Da ta karɓi rigar za ta shanya sai ta ce, "Baba, aljihunka ya yage." Rigar nan sabuwa ce, bayan rasuwar aka ɗinka mini ita. Ta ɗauko allura, na ce ta ajiye.

Ban sake kwana a New Bell ba. Ina nan Ndogpassi, ana miƙo mini magani bayan asuba, jikoki na hawa kaina, na yi ƙiba har ana tsokanata. Na sami wani malami na ba shi labarin, ya ce wanda ya mutu ba ya dawowa, ƙila aljani ne, ƙila kuma kewa ce ta yi mini yawa, in yawaita yi mata addu'a. Ban yi masa musu ba, ya fi ni sani. Na dai tambaye shi, in kewata ce, yaya aka yi mutumin Marwa ya ji Fillanci? Ya ce Allahu a'alamu.

Abin da ban gaya wa malamin ba, na yi wajen shekara ina komawa bakin lungunmu na dā ina tare bensikin. Na hau masu laima, na hau marasa laima, na hau na 'yan arewa da na 'yan kudu. Ba wanda ya sake jira, ba wanda ya sake cewa dusuma. Ta kawo ni inda za a kula da ni, ta wuce. Ranar da na gane haka na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarta, don sai a ranar na san na zama ni kaɗai.

Shawarata gare ku, musamman ku magidanta: in Allah ya ba ka wadda take yaga maka aljihu, ka bar ta ta yaga, ranar da za ka nemi mai yagawa tana zuwa. Kuma in tsufa ya same ka kai kaɗai, 'ya'yanka suka ce ka zo, ka tafi da ƙafarka, kada ka bari sai an taso wanda ya kwanta ya raka ka. Ku sa 'Yar Garwa a addu'a.

Rigar tana nan a ƙasan akwatina ba a ɗinke ba. Har yau in na hau bensikin sai na matsa gaba, masu babur suna cewa, "Papa, ja baya mana, akwai wuri." Sai in ce musu na sani, a bar shi haka.